Ƙumar kare mai tafiya ta dawo: yadda ake raba gida da ita

Sau uku na yi wa Barsu wanka a cikin wata guda, sau ukun kuma ƙuma tana dawowa kafin mako ya zagayo. Karen gadi ne, irin namu na gida, ja mai farin ƙirji, tun yana ɗan kwikwiyo yake gidanmu a unguwar Ali Ɗan Sofo da ke Maraɗi. Wata damina ta same shi yana susa dare da rana, har gashin gindin wutsiyarsa ya zube, fatar ta yi ja. Da abin ya kai ga yara, uwargida ta nuna mini ƙafafun autarmu, duk ƙuraje daga idon sawu zuwa ƙwauri, ta ce, "Maigida, ko dai a san yadda za a yi da karen nan, ko a kai shi ƙauye."

Wani maƙwabci ya ce in ɗiga fiya-fiya a ruwan wankansa, ko ɗaya ba za ta kwana ba. Ƙumar ta mutu kam. Amma kafin la'asar kare yana dalalar da miyau, jikinsa na kyarma, ya kasa tsayuwa. Garin neman gira na kusa rasa ido. Likitan dabbobin da ya ceto shi, bayan ya gama yi mini faɗa, tambaya ɗaya ya yi: "Malam, da rana a ina yake kwanciya?" Na ce gindin randa, inda ya tona ɗan rami cikin yashi mai sanyi. Ya ce in na koma gida in ɗebo yashin wurin in baza a kan farin ƙyalle, in duba da kyau. Na yi. Sai ga wasu 'yan tsutsotsi farare, sirara kamar guntun zare, suna mutsu-mutsu suna neman ɓuya daga haske. Duk wankan da nake yi, a nan gayyar take zaune.

Abin da ke faruwa a cikin yashin

Ƙumar da aka fi samu a jikin kare ita ce wadda masana ke kira ƙumar kyanwa, kuma ba ta zaɓe: tana hawa kare, da kyanwa, da 'yan awaki, tana cizon mutum. Macen takan fara ƙwai kwana ɗaya zuwa biyu bayan ta fara shan jini, tana iya zuba 40 zuwa 50 a rana. Ƙwan fari ne, bai wuce rabin milimita ba, kuma ba ya manne wa gashi. Duk inda kare ya kwanta ko ya girgiza jiki, ƙwai na zuba kamar ana barbaɗa gishiri. Cikin 'yan kwanaki ya ƙyanƙyashe ya zama tsutsar da na gani. Abincinta busasshen jinin da manyan ƙumai ke kasayarwa, wanda shi ma daga jikin karen yake zubowa. Bayan mako ɗaya zuwa biyu sai ta saƙa wa kanta kwanso mai danƙo, ƙura da yashi su lulluɓe shi, ido ba ya bambanta shi da ƙasa.

Wannan kwanson shi ne tushen wahalar. Maganin feshi ba ya ratsa shi yadda ya kamata, kuma ƙumar da ta gama girma a ciki tana iya zama makonni, har watanni, tana jiran ta ji ɗumin jiki, ko nauyin taku, ko numfashin dabba, sannan ta fito. Shi ya sa mutum zai buɗe ɗakin da ya daɗe a rufe, ya shiga, ya ga ƙafarsa ta yi baƙi. Ƙiyasin da likitocin dabbobi suka saba bayarwa shi ne, ƙumar da ke jikin dabba kamar kashi 5 cikin 100 ce kawai, sauran 95 ƙwai ne da tsutsa da kwanso a ƙasa.

Mu a Maraɗi muna da gata ɗaya da mutanen kudu ba su da shi. Tsutsar ƙuma ba ta jure bushewa: in danshin iska ya gaza kashi 50 cikin 100, ko zafi ya haura digiri 35, mutuwa take. Ranar Afrilu da Mayu da iskar hunturu suna share ta daga duk filin da ke buɗe. Inda take tsira shi ne inda kare ma yake gudu ya fake: gindin randa, bakin rariya, ƙarƙashin rumbu, bayan tarin itace, lungun zaure, turken awaki. Can take lallaɓawa ta ƙetare rani, ruwan Yuni na sauka ta bazu.

Mataki na farko: tabbatar ƙuma ce

Ba duk susa ce ƙuma ba. Tsayar da karen a kan farin buhu ko takarda, ka taje bayansa da gindin wutsiya da cikin cinyoyi da mataji mai ƙananan haƙora, irin na cire ƙwarƙwata. Baƙin garin da ya zubo, ɗiga masa ruwa. In ya narke ya yi ja, kashin ƙuma ne, ko da ba ka ga ita kanta ba. In bai canza ba, ƙasa ce. Kaska kuwa a manne take wuri ɗaya, ba ta tsalle. In kuma gefen kunne da gwiwar hannu ne suka yi ɓawo, gashi ya zube, ba ka ga baƙin garin nan ba, mai yiwuwa ƙazuwa ce, sai likita ya kankari fatar ya duba.

Ɗaga leɓensa ka ga dasashi. In ya yi fari fat, musamman ga ɗan kwikwiyo, jini ya yi ƙasa, kuma wannan ba aikin gida ba ne, a kai shi asibitin dabbobi a ranar. Ƙuma tana kashe 'yan kwikwiyo ta wannan hanya.

Mataki na biyu: wanka sau ɗaya, don sauƙi

Sa safar hannu. Fara da kumfar sabulu a zagaye wuyansa kafin ka jiƙa sauran jiki, don kada ƙumar ta gudu ta taru a fuska da kunnuwa. Sabulun wanka mara ƙarfi ya isa. Bar kumfar minti biyar zuwa goma, ka ɗauraye sosai, ka taje shi kana tsoma matajin cikin ruwan sabulu. Wankan yana kashe na jikinsa a ranar, amma da ya bushe ya koma makwancinsa sababbi za su hau. Don haka ba a maimaita shi kowane mako kamar yadda na yi ta yi, bushe masa fata kawai ake.

Mataki na uku: magani mai daɗewa a jiki

Nan ne kuɗi ke fita, nan ne kuma aka fi yin kuskure. Abin da ake nema magani ne da zai zauna a jikin kare yana kashe duk ƙumar da ta hau kafin ta yi ƙwai, har na ƙasa su ƙare.

Akwai na ɗigawa a doron wuya, wata-wata. A jikin kwalin za ka ga sunan sinadarin: fipronil, wanda ke cikin Frontline, ko imidacloprid na Advantage, ko selamectin na Stronghold. Ana buɗa gashi ne tsakanin kafaɗu har a ga fata, a matse maganin a kan fatar, inda harshensa ba ya kaiwa. Wanda ya zuba a kan gashi ya yi asarar rabin kuɗinsa. Kada a yi masa wanka kwana biyu kafin a sa da kwana biyu bayan an sa, domin maiƙon fata ne ke yaɗa yawancin waɗannan magunguna a jiki. Ke nan in ka yi wankan mataki na biyu ranar Litinin, sai Laraba ko Alhamis ka ɗiga. Yara kada su taɓa wurin sai ya bushe.

Akwai kuma ƙwayar da ake ba shi ya ci: NexGard ta wata ɗaya, Bravecto ta mako 12. A ganina ita ta fi dacewa da karen da ke shiga ruwa, irin na mafarauta ko na masu lambu a bakin Gulbi, tunda ruwa ba ya wanke ta. Sai dai a 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa wannan dangin magani yana iya jawo kyarma ko farfaɗiya ga wasu karnuka. In naka ya taɓa faɗuwa, faɗa wa likita kafin ya zaɓa maka. Akwai abin wuya na Seresto da ke aiki wata bakwai zuwa takwas, amma a gidan da ƙananan yara ke wasa da kare ban cika son abin wuya ba. Waɗannan ba kullum ake samunsu a gari ba, wani lokaci sai an yi saƙo Yamai ko Kano, don haka in ka samu, sayi na wata uku gaba ɗaya.

Dukkansu bisa nauyin kare ake ba da su. Frontline na ɗigawa, alal misali, an raba shi kilo 2 zuwa 10, 10 zuwa 20, 20 zuwa 40. Kada ka yi kirdado da ido. Hau sikeli riƙe da karen, ka sake hawa kai kaɗai, ka cire. Barsu da nake yi wa kallon ƙato, kilo 17 ya yi. Kada kuma a raba na babban kare ga ƙanana biyu. Mafi yawan waɗannan magunguna ba a ba ɗan kwikwiyon da bai kai mako takwas da kilo biyu ba. Shi taje shi ake yi kullum, a yi wa uwar magani bisa shawarar likita, haka ma kariya mai ciki.

Saya a kantin maganin dabbobi, ka duba ranar lalacewa da hatimin kwali. Maganin da ya yini a faranti cikin ranar kasuwa, ko da na gaske ne, zafi ya riga ya taɓa shi. Araha ba ta ado.

Abubuwan da ba a sa wa kare

Fiya-fiya guba ce ta kashe ƙwari, sinadarinta dichlorvos, kuma tana ratsa fata ta shiga jini, na kare da na mai yi masa wankan. Haka maganin feshin wake da na auduga. Kalanzir da baƙin mai suna ƙona fata, in ya lasa su taɓa ciki da huhu. Tafarnuwa da albasa da wasu ke zubawa a abinci suna lalata jinin kare, ƙumar kuma ba ta fasa cizo. Allurar ivermectin da ake yi wa tumaki da awaki ba ta maganin ƙuma, amitraz kuma na kaska da ƙazuwa ne. Ruwan ganyen bedi na gwada shi, bai cutar ba, amma bai hana ta dawowa ba.

In an riga an yi kuskuren, aka ga miyau na zuba, da amai, da zawo, da kyarma, da ƙwayar ido ta tsuke, a wanke shi nan take da sabulu da ruwa mai yawa, a ɗauki kwalbar abin da aka sa masa a nufi likita. Manja da madara da ake ɗura wa dabba ɓata lokaci ne, suna ma iya sarƙe ta.

Mataki na huɗu: sauran dabbobin gida, rana ɗaya

Kyanwar da ke kwana a ɗakin ajiya tana iya ɗauke da ƙuma ba ta ko susa. In an yi wa kare magani an bar ta, an kashe maciji ba a sare kansa ba. Amma ita nata daban ne. Duk maganin kare da aka rubuta permethrin a jikinsa yana iya kashe kyanwa, ko da goga jiki kawai ta yi da karen da aka ɗiga wa. Fipronil kuma yana kashe zomo.

Gidan Maraɗi da wuya a rasa jar akuya, kuma 'ya'yanta ƙanana ƙuma na shan su sosai, musamman in turken ya tara kashi da ragowar harawa. Kada a ɗiga musu maganin kare, haka ma kaji. Ba a yi shi don dabbar da za a ci namanta ko a sha nononta ba. A 2017 ƙasashen Turai sun janye miliyoyin ƙwai daga kasuwa saboda an sami fipronil a ciki. Likita zai ba ka wanda ya dace da su, ya faɗa maka kwanakin da za a jira kafin yanka ko tatsa. Kaji suna da tasu ƙumar, ƙarama, mai kafewa wuri ɗaya a gefen ido da tukku, tana kuma kama gefen kunnen kare har a ɗauka kaska ce. Ita ana shafa mata man basilin ta shaƙe, sannan a cire, a kwashe ƙasar akurkin.

Ɓeraye ma a rage su, amma da tarko. Gubar ɓera a gidan da ke da kare da yara wata masifar ce.

Mataki na biyar: ƙasa

Wannan ne aikin da babu mai son yi, shi ne kuma ya raba ni da ita. Ɗauki yini guda kana lura da duk inda karen ke kwanciya daga safe zuwa dare. Na ɗauka wuri biyu ne, ashe biyar ne, har da ƙarƙashin tsohuwar amalanke da na manta da ita a bayan gida.

Tsofaffin buhuna da tsummokara da yagaggiyar tabarmar da yake kwana a kai, ƙona su ya fi sauƙi. Abin da ba a iya rabuwa da shi a wanke da ruwa mai zafi sosai, a shanya a tsakiyar rana, ba a inuwa ba. Inda yake kwanciya a kan yashi, a kankare saman ƙasar kamar kaurin yatsu uku, a kwashe a baza shi siriri a fili inda rana ke duka tun hantsi, ko a fitar da shi daga gidan, a zuba sabon busasshen yashi. Daɓen siminti a share shi, a zuba tafasasshen ruwa a tsagoginsa da safe don ya bushe kafin yamma. A ɗaga tabarmi da darduma na zaure da na ɗakuna a kakkaɓe a rana, a share ƙarƙashin gado da gindin bango, domin tsutsar duhu take bi.

Sharar kada a tara ta a lungun gida kamar yadda aka saba. A ƙona ta, ko a ɗaure a leda a fitar. Mako biyu na farko kullum ake sharar nan, daga baya sau biyu a mako.

Sai danshi. Na ɗora randunanmu a kan ɗan dakali, na gyara famfon da ke ɗiga, na buɗe rariyar da ruwan wanke-wanke ke kwanciya. Na janye tarin itace da kara daga jikin bango, na sassabe reshen da ya rufe lungun turke don rana ta shiga. Turken kansa aka kwashe kashin aka kai gona.

In abin ya yi yawa har mutum ba ya iya zama a tsakar gida, a kira mai feshin da ya san aikinsa, a tambaye shi ko maganinsa na ɗauke da methoprene ko pyriproxyfen, masu hana ƙwai da tsutsa girma. A fitar da yara da dabbobi, a rufe abinci da randuna, kada a dawo sai ya bushe. Lunguna masu inuwa ake fesawa, fesa filin da rana ke gasawa zubar da kuɗi ne.

Mataki na shida: kada ka kori karen, kada ka daina

Shawarar uwargida ta kai shi ƙauye ita ce abin da kowa ke fara tunani, kuma da mun bi ta da mun ji jiki. Ƙumar da ke cikin kwanso za ta fito ko da kare ko babu, in ba ta same shi ba mutanen gida za ta hau. Karen da ke ɗauke da magani shi ne tarkonka. Bar shi ya ci gaba da kwanciya a duk wuraren da ya saba, ɗuminsa ya taso su, su hau shi su mutu. Abin da za a hana shi kawai yawon dare da cuɗanya da karnukan unguwa.

Saboda haka in ka ga ƙuma a jikinsa mako biyu ko uku bayan an sa magani, kada ka ce jabu aka sayar maka. Sababbin fitowa ne, kuma za su mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. A nan mutane ke karaya, su watsar, ko su ƙara wani magani a kan na farko har su sa wa dabbar guba. Wata uku a jere ake yi aƙalla, ba tsallake. Ni da ganin wata na haɗa nawa: duk daren da aka ce an ga wata, washegari Barsu zai sha magani. Kwana 29 ko 30 ne, daidai da abin da kwalin ke nema, kuma ba na buƙatar kalanda.

Don ka san ko ana cin nasara, ajiye faranti mai faɗi da ruwan sabulu a ƙasa da dare, ka haska fitila a kansa, inda yara da dabbobi ba za su kai ba. Da safe ka ƙirga abin da ya faɗa. Yi haka sau ɗaya a mako a wuri ɗaya. Farantinmu a makon farko ban iya ƙirgawa ba, a na shida guda huɗu na gani, a na goma ruwa ne kawai da 'yan ƙwarin fitila.

Tsila, da abin da ya rage

Karen da ya daɗe da ƙuma yana haɗiye ta garin cizon jikinsa, ta nan kuma tsila ke shiga cikinsa. Za ka ga abu kamar ƙwayar shinkafa a kashinsa ko manne a gashin ƙarƙashin wutsiya, wani lokaci yana motsi. Maganinta praziquantel, shi ma da nauyi, kuma ba duk maganin tsutsar ciki ne ke ɗauke da shi ba, sai an duba kwali. Ƙaramin yaro mai rarrafe a ƙasa ma yana iya kamuwa in ya haɗiyi ƙumar, don haka a kwashe kashin kare kullum, a wanke wa yara hannu kafin cin abinci. Tunda an je wurin likita, a yi masa allurar rigakafin haukan kare in lokacinta ya yi, tafiya ɗaya ta biya biyu.

Wasu karnukan jikinsu ba ya shiri da miyan ƙuma sam, cizo kaɗan ya isa ya sa su yage bayansu. Barsu yana cikinsu. Irinsu in fatar ta yi gyambo ko tana wari sai an haɗa da maganin likita, kuma ba a tsayar musu da maganin ƙuma bayan wata ukun.

In wata uku sun cika farantin bai daina kamawa ba, koma baya ka bincika. Ko nauyin da aka auna ba daidai ba ne, ko wani a gida yana yi masa wanka da omo ba ka sani ba, ko kyanwar maƙwabta na haihuwa a kan rufin ɗakin ajiyarka, ko akwai makwanci na shida da ba ka gano ba. In duk ba wannan, likita ya canza maka zuwa wani sinadarin daban.

Yanzu a watan Mayu nake farawa, kafin ruwan farko, lokacin da rana ta riga ta yi mini rabin aikin, in ci gaba har bayan kaka. Na yi wa Barsu ɗan daɓen siminti a inuwar bedin ƙofar gida, da buhu ɗaya da ake shanyawa duk Juma'a. Har yau in aka yi sakaci sai a tarar da shi ya koma gindin randa yana tono.